Ali Farzat: mai zanen barkwancin da aka karya wa hannuwa a Siriya

Yau za mu kawo muku labarin wani ɗan jarida da aikinsa shi ne zanen barkwanci, wato hoton da ke yi wa masu mulki habaici.

An haifi Ali Farzat a garin Hama na ƙasar Siriya a 1951. Yawancin zanensa ba rubutu a ciki, ko wanda bai yi boko ba yana gani ya gane. Abin da ya sa hukuma ke tsoronsa ke nan: labarin jarida sai wanda ya iya karatu, amma hoto kowa na kallo, ya yi dariya, ya nuna wa maƙwabci. In talaka ya fara yi wa shugaba dariya, to tsoro ya fara fita daga zuciyarsa.

A 2001 ya buɗe jaridar Al-Domari, ma'ana mai kunna fitila, jarida mai zaman kanta ta farko a ƙasar tun 1963. A 2003 gwamnati ta rufe ta.

Shekaru da dama yana zana azzalumi ba tare da ya nuna ko wane ne ba. Da boren jama'a ya tashi a 2011, sai ya fito fili. Ya zana Bashar al-Assad riƙe da jaka a bakin hanya, yana tsayar da motar Gaddafi mai gudu don ya ɗauke shi. Ranar 25 ga Agusta 2011, wasu mutane da suka rufe fuska suka jawo shi daga motarsa a Damaskas, suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka karya masa hannuwa, suka yar da shi a hanyar filin jirgi.

Ya yi jinya a Kuwaiti, da ya warke ya koma ga zanensa. A 2011 Majalisar Tarayyar Turai ta ba shi kyautar Sakharov. Assad kuwa ya gudu daga ƙasar a Disamba 2024.

Mu ma mun san habaici da zambo, mun san yadda ƴan kama ke faɗa wa manya abin da wani ba ya iyawa. Bambancin barkwanci da ɓata suna shi ne gaskiya: mai barkwanci na ƙwarai abin da ya faru yake nunawa, ba ya ƙaga wa mutum laifi. Kafin mu tura hoto ta WhatsApp, mu tambayi kanmu wanne ne a ciki.