Fim ɗin kaboyi na 1956 da ke magana a kan halin da muke ciki a Yobe

Duk wanda ya taso a zamanin silima ya san fim ɗin kaboyi: doki, bindiga, malafa, sai ƙura. Amma akwai guda ɗaya da nake so 'yan uwa mazauna Sabo ta Ibadan, Agege da Fatakwal su sani, musamman mu da muka fito daga Kumagannam, Nguru da Gashuwa. Sunansa The Searchers, wato masu cigiya. John Ford ne ya ba da umarni, John Wayne ya fito a matsayin Ethan Edwards, a 1956.

Ethan tsohon soja ne. Ya yi yaƙin basasar Amurka a ɓangaren Kudu, wanda aka ci da yaƙi a 1865, amma bai waiwayi gida ba sai 1868. Ya sauka gidan ɗan uwansa Aaron a Texas da kuɗin zinariya, ba wanda ya san inda ya yi shekara ukun nan. Bai daɗe ba mayaƙan ƙabilar Komanci suka kai hari, suka kashe Aaron da matarsa da ɗansu, suka tafi da 'yan mata biyu. Babbar, Lucy, an kashe ta. Ƙaramar, Debbie, ita Ethan ya yi shekara biyar yana nema.

To ga inda gizo ke saƙar. Da ya gano Debbie ta girma har ta zama matar shugaban waɗanda suka sace ta, sai ya ɗaga mata bindiga. A ganinsa ta ɓaci, ba tasu ba ce kuma. Martin, yaron da Aaron ya riƙa, shi ya shiga tsakani. Daga ƙarshe Ethan ya sauko, ya ɗauke ta ya kai ta gidan maƙwabtansu. Kowa ya shiga ciki, shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya ya tafi, ƙofa ta rufe.

Me ya haɗa mu da wannan? Abu biyu ne.

Na farko, sojan da ya dawo. Muna da 'ya'ya da ƙanne da suka yi shekaru a fagen daga a Arewa maso Gabas. Wani zai dawo ba ya barci, abu kaɗan ya fusata, ba ya son taro. Likitoci sun san wannan ciwo na firgici bayan tashin hankali, kuma ana maganinsa; akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri. Kada mu ce taurin kai ne mu ƙyale shi.

Na biyu, wadda aka sace. A ranar 19 ga Fabrairu 2018 aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar Dapchi, aka sako yawancinsu bayan wata guda. Mata da yawa da suka kuɓuta daga hannun Boko Haram sun tarar da tsangwama a gida, ana nuna su da baki. Tunanin Ethan ke nan, sai dai mu ba bindiga muke ɗagawa ba, harshe ne.

Fim ɗin yana da nasa laifin, don ya nuna Komanci a matsayin mugaye, alhali ƙasarsu ake ƙwacewa. Duk da haka ku neme shi ku kalla. Mu da ke aika kuɗi gida, ana jin maganarmu. Idan kun buga waya, ku tambayi lafiyar wanda ya dawo, ku kuma ce a ba shi waya ku gaisa.