Firi'am mai bawul na ƙona fawa? Ga gaskiyar maganar, ga ƙanzon kurege

Da kaka, in an sayar da masara da waken suya a kasuwannin Funtua, Dandume da Malumfashi, kuɗi ya shiga hannu, wani babur zai saya, wani kuwa kayan sauti. Cikin abin da ake saro wa daga Sabon Garin Kano ko Alaba ta Legas, jefi-jefi akan ga firi'am mai bawul, wato ƙaramar na'urar da ke karɓar sauti ta daidaita shi kafin ta miƙa wa babbar amfilifaya, wadda masu sana'ar ke kira fawa. Bawul ɗin kwalbar gilashi ce mai kama da ƙwan fitila, irin ta cikin rediyon kakanninmu. Tare da na'urar kuma wata magana ke yawo: wai muddin ka haɗa ta da fawa ta tiransista, to ka yi ban kwana da fawar da sifikunka.

Maganar tana da tushe, amma an faɗaɗa ta. Bawul irin 12AX7, wanda kamfanin RCA ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1940, yana aiki ne da wuta mai ƙarfin bolt 150 zuwa 300, kuma wuta ce tsayayya irin ta batir, wadda ake kira DC. Ba a so ko kaɗan ta fita waje. Shi ya sa ake sa kondensa a bakin fita, tana aiki kamar rariya: sauti ya wuce, DC ta tsaya. In kondensar lafiyarta lau, na'urar kuma ta riga ta yi ɗumi, abin da ke isa fawa bolt 1 ne zuwa 2 na zallar sauti, daidai da abin da kowace firi'am ke bayarwa. Fawa ba ta da hanyar gane ko daga bawul ya fito ko daga tiransista. Ke nan cewa haɗin kansa haramun ne, ƙarya ce. Mutane da yawa a duniya da gangan suke yin sa.

Inda hatsarin yake shi ne lokacin kunnawa da kashewa. Bawul sai ya yi daƙiƙa 15 zuwa 30 yana ɗaukar zafi, a tsakanin nan wutar cikinsa tana hawa da sauka, kuma wannan tangal-tangal ɗin yana ratsa kondensa. Fawa ta tiransista kuwa nan take take tashi, tana ninka abin da aka ba ta kamar sau 20 zuwa 30. Bolt 1 da ya kufce ya zama 25 a bakin sifika. In kondensar ta tsufa tana yoyo, abin bai tsaya a daƙiƙa ba: bolt 25 na DC a kan sifika mai om 8 zafi ne na fiye da wat 70 da ke dafa koyil ɗin sifikar ba tare da an ji wani kiɗa ba. Dokar masu sana'a gajera ce: fawa ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ta farko a kashewa, a kuma ba firi'am minti guda ta natsu.

Sai dai waɗanda suka kafa wannan doka sun ɗauka makunni a hannun mai gida yake. A Funtua ba haka abin yake ba. Ana tsakiyar saurare sai a ɗauke wuta, kowa ya tashi ya bar na'urori a kunne, can cikin dare a maido ta, firi'am da fawa su tashi tare. Ko kuma wutar ta ƙifta ta dawo cikin daƙiƙa biyu, ko a juya daga NEPA zuwa janareta. A ganina yawancin sifikun da ake ɗora wa bawul alhakinsu, nan suka mutu. Maganin ba tsada: da zarar an ɗauke wuta a kashe fawa, ko a sa ta bayan sitabilaiza mai jinkirin kunnawa. Mai saye kuma ya tambaya ko firi'am ɗin tana da rile mai toshe fita har ta yi ɗumi, ko fawar tana da kariyar DC. Ƙananan firi'am masu araha na China galibi ba su da rilen, ko da an sa musu ɗan LED a ƙarƙashin kwalbar don ta yi kyan gani.

Akwai masu cewa in ba fawa mai bawul ba, sautin ba zai fita daidai ba. Wannan lissafi ne, ba jinsi ba. Kowace firi'am tana da turjiyar fita, kowace fawa tana da turjiyar shiga, ana auna su da om, ana kuma so ta fawa ta ninka ta firi'am aƙalla sau 10. Firi'am mai om 600 za ta zauna lafiya da fawa mai 10,000. Wadda ta kai 2,000 ko fiye gara ta samu mai 47,000. In aka saɓa, babu abin da zai ƙone, kaurin sautin ne kawai zai zube, ganga ta koma fayau. Fawa irin ta masu hayar sauti a biki da wajen wa'azi sau da yawa 10,000 zuwa 20,000 take, don haka a duba takardarta.

Batun cewa kada a kunna bawul ba sifika, gaskiya ne, amma an kai shi gidan da ba nasa ba. Fawa mai bawul ake nufi, wadda taransifomarta kan lalace in tana aiki ba ta da inda za ta zuba ƙarfinta. Firi'am ba ruwanta.

Abin da ba a cika faɗa ba ya fi duk waɗannan ɓarna. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka na bolt 120 ne, na Japan 100, wutarmu kuwa 230. A duba bayan na'urar kafin a soka ta a bango. Sannan manyan kondensa na cikinta kan riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare waya, don haka buɗe ta aikin mai gyara ne, ba na yaro mai sukudireba ba. In an kai wa mai gyara tsohuwar firi'am, ya ɗora mita a bakin fitarta bayan ta yi ɗumi: DC ɗin ya kamata ta tsaya dab da sifili. In mita na nuna tana hawa, a sauya kondensar kafin a haɗa ta da kowace fawa.