TAKALMIN BIRKI: Na Titi Daban, Na Filin Tsere Daban

A ƙasar Jamus akwai wani shahararren filin tseren motoci da ake kira Nurburgring, wanda aka buɗe a shekarar 1927. Hanyarsa ta arewa tsawonta kilomita 20.8 ne, ta ratsa daji da tuddai, ga kwana-kwana barkatai. A wasu ranaku akan buɗe ta ga jama'a, duk mai motar da ke da izinin hawa titi sai ya biya kuɗi ya shiga ya gwada ƙafarsa. Haka ake yi a Ingila da Amurka, inda filayen tsere kan ware ranaku musamman don masu motocin gudu na kansu. Watau motar da ta kai mutum ofis ran Jumma'a, ita ce za ta yi gudun kilomita 200 a awa ran Asabar.

A irin waɗannan ranaku, abin da ya kan fara gazawa a jikin mota shi ne birki. Injin na nan garau, amma bayan zagaye uku ko huɗu sai direba ya taka birki a bakin kwana ya ji motar ta ƙi rage gudu. Galibi asalin wannan hatsari yana ga ɗan ƙaramin abin nan da bai wuce tafin hannu ba, watau takalmin birki.

ZAFI NE TUSHEN MAGANA

A kowace ƙafar mota mai birkin faifai akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Idan aka taka birki, man birki ya kan tura takalma biyu su matse faifan daga dama da hagu. Wannan gogayya ce ke mayar da ƙarfin gudun mota ya zama zafi. Tun a 1902 wani injiniyan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar birki mai faifai, amma bai karɓu sosai ba sai a 1953, lokacin da motar Jaguar C-Type ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da birkin faifai na kamfanin Dunlop. Sirrin nasararta shi ne faifai ya fi ganga saurin hucewa.

Yawan zafin ba bin gudu yake yi ɗaya bayan ɗaya ba. In gudu ya ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi. Alal misali, motar da nauyinta ya kai kilo 1,400, in ta tsaya daga gudun kilomita 100, zafin da birkinta zai sha bai kai na tafasa lita biyu na ruwa ba. In kuwa daga kilomita 200 ta tsaya, zafin ya isa ya kai kusan lita bakwai ga tafasa, duka cikin 'yan daƙiƙoƙi. A titi, birki kan sami hutu tsakanin wannan tsayawa da waccan, sabo da haka da wuya zafinsa ya wuce digiri 200. A filin tsere kuwa kafin ya huce an iso wata kwanar, sai zafi ya hau kan zafi har ya kai digiri 500 ko 600, wani lokaci ma faifan ya yi jajawur kamar ƙarfe a maƙera. Direbobin manyan motoci da ke gangara Hawan Kibo da kaya sun san wannan al'amari: birkin da aka daɗe ana takawa ba hutu, ƙarshenta sai ya daina kamawa.

KOWANE IRI DA HALINSA

Takalmin birki haɗi ne na abubuwa da yawa da aka manne da wani irin ƙaro na masana'anta, aka gasa a kan farantin ƙarfe. A da asbestos ne kan gaba a wannan haɗi, amma da aka tabbata ƙurarsa na jawo cutar daji sai aka yi ta barinsa, har Tarayyar Turai ta haramta shi baki ɗaya a 2005.

Iri na farko shi ne mai laushi, wanda aka yi da zaruruwa da roba da ƙaro mai yawa. Ba ya ƙara, ba ya cin faifai, yana kuma kamawa tun da sanyin safiya. Amma da zafi ya yi yawa sai ƙaron ya fara ƙonewa, ƙarfin kamunsa ya faɗi warwas. Na biyu shi ne na siramik, wanda masu motocin alfarma ke so don ƙurarsa kaɗan ce, ba ta ɓata ƙafar mota. Sunansa kan ruɗi mutane su ɗauka na tsere ne, alhali kuwa don tsabta da shiru aka yi shi. Na uku shi ne mai gaurayen ƙarfe, wanda ya fi waɗancan jure zafi, sai dai yana da ƙura da 'yar ƙara.

Na huɗu shi ne na tsere zalla, irin su Hawk DTC-60 da Pagid RSL29. Wannan sai ya yi zafi yake nuna halinsa. A nan ne masu motoci da yawa kan yi kuskure, su ce tun da ya fi tsada, ya kuma fi ƙarfi, bari su sa shi su huta. To, da yawa daga takalman tsere ba sa kamawa yadda ya kamata in suna da sanyi. Mutum ya fito daga gida da asuba, yaro ya gitta masa, ya taka birki, sai motar ta ƙara 'yan mitoci kafin ta tsaya, kuma waɗannan 'yan mitocin su ne tsakanin rai da ajali. Daɗin daɗawa, in ba su yi zafi ba sukan kankare faifai kamar zarto, ga ƙara mai tsinka kunne, ga ƙura mai cin fenti.

A tsakiya akwai waɗanda aka yi don aiki biyu, kamar Ferodo DS2500 da Hawk HP Plus. Suna kamawa da sanyi, suna kuma jure zafi fiye da na titi. Amma fa taura biyu ba ta taunuwa. A titi sun fi na asali ƙara da ƙura, a fili kuwa gwanin direba mai tayoyin tsere zai iya ƙure su.

ABIN DA AKA RUBUTA A JIKI

A gefen takalma da yawa akwai haruffa biyu, kamar FF ko GG, bisa ga tsarin ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka. Harafin farko yana nuna ƙarfin kamu a matsakaicin zafi, na biyu kuma a babban zafi. E na nufin 0.25 zuwa 0.35, F na nufin 0.35 zuwa 0.45, G kuwa 0.45 zuwa 0.55. Takalmin da aka rubuta wa FE, kamunsa raguwa yake yi in ya yi zafi. Sai dai gwajin da ke ba da waɗannan haruffa bai wuce wajen digiri 340 ba, don haka ba ya faɗin abin da zai faru a filin tsere. Wanda zai shiga fili sai ya nemi takardar kamfani wadda ta nuna daga digiri nawa zuwa nawa takalmin ke aiki.

A Turai kuma akwai alamar ECE R90, wadda ke nuna aikin takalmin bai bambanta da na asalin motar da fiye da kashi 15 cikin ɗari ba. Takalman tsere da yawa ba su da ita, a jikin kwalinsu ma akan rubuta cewa ba na hawa titi ba ne.

MAN BIRKI MA ABIN LURA NE

Mutuwar birki iri biyu ce, kuma ƙafar direba ce ke bambanta su. In feda ta yi tauri kamar kullum amma mota ta ƙi tsayawa, takalmi ne ya wuce iyakarsa. In kuwa feda ta yi laushi ta nutse har ƙasa, man birki ne ya tafasa ya yi kumfa. Sabon mai na DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, na DOT 4 digiri 230, na DOT 5.1 kuma digiri 260. To, amma waɗannan mayuka suna shan danshi daga iska, kuma in DOT 4 ya sha ruwa, iyakarsa na iya saukowa zuwa wajen 155. Sabo da haka sa takalmin tsere a kan tsohon mai ɓarnar kuɗi ce. DOT 5 kuwa wani jinsi ne daban, ba a haɗa shi da sauran.

YADDA AKE YANKE SHAWARA

Abin da ya kamata mai mota ya fara yi shi ne ya ƙidaya ranakun da yake shiga fili a shekara, ya kuma faɗa wa kansa gaskiya game da gwanintarsa. Sabon shiga mai zuwa sau biyu ko uku da tayoyin titi, takalmin aiki biyu da sabon mai sun ishe shi. Wanda ya ƙware, yake zuwa kowane wata da tayoyi masu kama ƙasa, ko motarsa na da nauyi da ƙarfi, babu makawa sai ya ajiye takalma kashi biyu, ya sa na tsere in zai shiga fili, ya mayar da na titi in ya gama. A motocin gudu da yawa wannan canji ba ya cin awa guda. Ya fi kyau kashi biyun su kasance na kamfani ɗaya waɗanda haɗinsu bai saɓa ba, kuma na gaba da na baya su dace da juna, don kada bayan mota ya riga gabanta kamawa ta juya.

Sabon takalmi kuma sai an horar da shi. A sami hanyar da babu kowa, a rage gudu da ƙarfi daga kilomita 100 zuwa wajen 20 sau takwas ko goma ba tare da tsayawa cik ba, sa'an nan a yi tafiya a hankali har ya huce. Wannan ne ke shafa wa faifan siririn shafe na takalmin ko'ina daidai. Bayan an fito daga fili kada a ja birkin hannu, kada kuma a tsaya da ƙafa a kan feda, don takalmi mai zafi kan bar tabo a faifai, daga baya sitiyari ya riƙa rawa.

Daga ƙarshe sai kauri. A titi akan canja takalmi in ya rage wajen milimita 3. A fili kuwa masu hankali kan canja shi tun yana rabi, domin siririn takalmi ya fi saurin miƙa zafi ga mai, ya kuma fi saurin cinyewa. Kuɗin takalmi kashi biyu da gwangwanin mai bai kai kuɗin gyaran fitila da bamba ba, balle kuma ran mutum. Rigakafi dai ya fi magani.