Faifan Majigi Da Yadda A Ke Kiyaye Shi

Sau da yawa mu kan ji mutum yana kukan faifansa ya lalace, alhali kuwa faifan lafiyarsa lau, na'urar ce ba ta dace da shi ba. Wani kuma sai ya yar da nasa cikin rana da ƙura, wai a zatonsa faifai ba ya mutuwa. Dukansu biyu rashin sani ne ya jawo musu. Da ya ke akwai darussa da wa'azi da wasannin Hausa da takardun ofis masu yawa waɗanda ba a samunsu ko'ina sai a kan faifai, mun ga ya kamata mu yi wa malaman makaranta da akawuna bayani, don su a kan damƙa wa irin wannan ajiya.

Da fari dai, wannan faifai ba irin na garmaho ba ne. Na garmaho allura ke bin sa, wannan kuwa wani siririn haske ne mai suna leza ke karanta shi, ba tare da wani abu ya taɓa shi ba. Abin da hasken ke bi waɗansu 'yan ramuka ne da ido ba ya gani, an jera su cikin layi guda mai kewayawa, ya faro daga tsakiya ya nufi baki.

Kamfanonin Philips da Sony su ne suka fito da CD cikin 1982, domin sauti. Cikin 1993 aka sami VCD, watau CD mai ɗauke da hoto, wanda ya yi tashe a kasuwannin Kano bayan zamanin kaset. DVD ya fito a Japan cikin 1996, sa'an nan Blu-ray cikin 2006. Girmansu duka ɗaya ne, faɗi santimita 12, kauri milimita 1.2, amma cikinsu ya bambanta. CD na cin megabayit 700, DVD gigabayit 4.7, watau fiye da CD shida ke nan, Blu-ray kuwa gigabayit 25. Sabuwar na'ura ta kan karanta tsohon faifai, amma na'urar DVD ba ta iya karanta Blu-ray, domin ramukansa sun yi wa haskenta ƙanƙanta.

To, ga waɗansu alamu da ya kamata a duba a bayan kwali tun ba a biya kuɗi ba. Ta farko lambar shiyya. Masu sana'ar majigi sun raba duniya shiyya-shiyya, suka kulle faifan DVD ga shiyyarsa. Amurka ita ce 1, Ingila da Masar da Saudiyya 2, Nijeriya da Indiya da Rasha 5. Saboda haka mai sayo faifai a ƙasar waje ya tabbata na'urarsa mai karɓar kowace shiyya ce. In an rubuta 0, faifan ba shi da kulle, haka nan VCD.

Ta biyu PAL da NTSC, watau tsarin hoton talabijin. PAL na nuna hoto 25 cikin daƙiƙa guda, shi ne Nijeriya da Ingila suka ɗauka. NTSC kuwa na Amurka da Japan ne, yana nuna kusan 30. Kadan aka haɗa faifan NTSC da tsohuwar talabijin mai PAL kaɗai, sai hoton ya fito ba launi ko ya dinga birkicewa. Ta uku ita ce 4:3 da 16:9, watau faɗin hoto bisa tsayinsa. In an ga baƙi sama da ƙasan hoto, kada a zargi faifai. Wasan ne aka ɗauka da faɗi, aka bar shi yadda ya ke don kada a yanke gefensa.

Game da kiyayewa, a riƙe faifai ta baki ko ta ramin tsakiya, don maiƙon yatsa na ɓatar da hasken. In ƙurar hunturu ta hau shi, a sami ƙyalle mai laushi a shafe daga tsakiya zuwa baki, kada a bi kewaye. Dalili kuwa, na'ura na iya cike gurbin ƙarzanen da ya gitta layi, amma wanda ya bi layin ya kan shafe abu mai yawa a jere. A wanke shi da ruwa mai tsabta in ta kama, ban da kananzir ko fetur, don suna cin roba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a faifan CD gefen da a ke rubuta suna ya fi haɗari, domin ramukan na nan dab da shi, ƙarƙashin ɗan fenti. Don haka kada a yi rubutu a kansa da biro, sai da alƙalami mai laushin baki. Bayan an gama aiki a mai da faifai gidansa, a jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da taga da cikin mota, domin zafi na lanƙwasa su. Wanda aka ɗauka da kwamfuta, irin su CD-R da DVD-R, shi ya fi saurin mutuwa, don a kan wani rini a ke rubuta shi, rana kuwa na kashe rini.

Amma fa ko an yi duk wannan, faifai ba ya dawwama, ga shi kuma yawancin sababbin kwamfutoci ba su da wurin sa shi. Shawararmu ita ce, duk wanda ke riƙe da faifan makaranta ko na ofis ya fito da su ya gwada ɗaya-ɗaya, ya kwafe masu muhimmanci zuwa wuri biyu dabam, ya rubuta sunan kowane da ranar da aka kwafe shi cikin littafin ajiya. Rigakafi ya fi magani, a yi tun faifan na karantuwa.