Sauri ya haifi nawa: gudun moter da nauyin aiki a masana'antu

Daga masana'antar siminti ta Malbaza har zuwa tashoshin pampo na gonakin shinkafa da ke bakin kogin Kwara, moter na lantarki shi ne jakin aiki. A jikin kowane moter akwai ɗan allon ƙarfe wanda maƙera suka rubuta ƙarfinsa da gudunsa a kai. Wannan gudu shi ne gudunsa na asali, kuma ƙetare shi ba ya zuwa kyauta.

Wutar lantarkin Nijar tana kaɗawa sau 50 cikin daƙiƙa guda. Da irin wannan wuta, moter mai kan maganaɗisu 4 yana juyawa kusan sau 1500 cikin minti. A yau akwai akwatin sauya gudu, wanda ke iya kai kaɗawar wutar sau 60 ko ma 100. In ta kai 60, juyi ya tashi kusan 1800. Shugaban ma'aikata da ke son ƙarin amfani sai ya ga kamar ya samu hanya mai arha.

Amma akwatin ba ya iya ba moter abin da ya wuce volt ɗin da layi ke kawowa, wato 380 ko 400. Ƙasa da gudun asali, kaɗawa da volt tare suke hawa. Bisa gare shi kuwa, kaɗawa ce kaɗai ke ƙaruwa, sai maganaɗisun cikin moter ya raunana, ƙarfin murɗawa ya ragu. Kilowat ɗinsa yana nan yadda yake. Da kaɗawa 60, kashi 5 cikin 6 na ƙarfin murɗawa ya rage masa. Da kaɗawa 100, rabi kaɗai. Ƙarfin da yake ajiye domin tarbar nauyi na ba-zata ya fi haka faɗuwa, domin in gudu ya ninka, kashi 1 cikin 4 ke saura.

Saboda haka irin kayan da moter ke ja shi ne abin dubawa na farko. Injin fasa dutse da bel mai ɗaukar ƙasa ba sa rage buƙatarsu don an ƙara gudu. In babban dutse ya faɗa, moter da ƙarfinsa ya ragu sai ya cije. Pampo da fanka sun fi tsanani: ƙarin gudu na kashi 20 cikin 100 yana neman ƙarin kilowat wajen kashi 73 cikin 100. Moter da ke cike da aiki tun farko ba shi da inda zai samo wannan, sai ya ja wuta fiye da kima, ya yi zafi. Gangar niƙan siminti kuwa, in ta wuce iyakarta, dunƙulen ƙarfen da ke ciki sai su manne wa bango, niƙa ta tsaya.

Ga kuma yanayin ƙasa. Yawancin motoci na lantarki an ƙera su ne domin iskar da ba ta wuce digiri 40 ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa da Damagaram yakan zarce haka. Masana sun daɗe da lura cewa kowane ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanakin rufin wayar da aka naɗa a ciki. Gudu mai yawa yana kuma cinye rulma, yana ƙara girgiza.

Ba a ce ƙara gudu haramun ba ne. Inda moter ya fi aikinsa girma, ko inda nauyi ke raguwa in gudu ya ƙaru, ana yin haka lafiya. Sharaɗi shi ne a nemi iyakar gudu daga maƙeran moter da na injin, a auna wutar da yake ja, a kula da zafinsa. Sau da dama sayen moter mafi girma shi ne mafi arha, domin wanda ya ƙone a tsakiyar damanar ban ruwa ba kuɗin gyara kaɗai yake ci ba, har da shinkafar manoma.