Motar kasuwa mai yawo bisa hanya: ina ciwon yake?

Ranar kasuwa, daga karkarar Maraɗi zuwa ta Damagaram da ta Tawa, ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya ita ce jakin jama'a. Ita ke ɗaukar hatsi da wake da tumaki, mutane kuma a zaune bisa buhuna. Da yawansu tsofaffi ne. Peugeot 404 da ake ce ma bashe ta fito a 1967, kuma a 1991 aka haɗa ta ƙarshe a ƙasar Kenya. Ke nan duk wadda ke bisa hanya yau ta wuce shekara 30. Tsofaffin Toyota Hilux da Land Cruiser su ma sun sha rairayi da burji.

Irin wannan mota takan kamu da wani ciwo: yawo. Direba ya miƙe hanya, ita ko tana zamewa hagu, tana zamewa dama. Wanda ke zaune gaba yana iya gane haka ko bai san mota ba. Sai shi dubi hannun direba. In hanya miƙaƙƙiya ce amma hannun bai huta ba, yana ta kaɗa sitiyari, wanda direbobi ke ce ma bolan, to akwai abin da ya saki.

Ba a fara bincike da abu mai tsada. Taya ake fara dubawa. In iskar ƙafar dama ba ta kai ta hagu ba, mota za ta riƙa ja zuwa dama. Sai kuma lodi. An ƙera bashe don kayan da ba su wuce tan 1 ba, wato buhu 10 na kilo 100. In aka ninka mata haka, baya ya zauna, gaba ya ɗaga, ƙafafun gaba ba su kama ƙasa sosai. Wannan yawon ba na makanike ba ne, maganinsa rage kaya.

In taya da lodi daidai suke, aikin na mutum biyu ne. A tsai da mota a wuri shimfiɗaɗɗe, a kashe inji, a sa dutse a ƙafafun baya. Direba shi zauna, shi riƙa motsa sitiyari kaɗan-kaɗan, hagu da dama. Lafiyayyar mota, sitiyari ba ya wuce faɗin yatsa biyu, kamar santimita 3, kafin ƙafa ta amsa. In ya kai faɗin tafin hannu ƙafa ba ta motsa ba, lalle akwai gyara.

Yaron mota shi ne zai leƙa ƙarƙashi, shi bi motsin da ido da hannu. Daga sitiyari zuwa ƙafa ƙarafa ne a haɗe, gaɓa bayan gaɓa, kamar ƙasusuwan ƙafar sa. Inda ƙarfe ɗaya ya motsa na kusa da shi bai bi shi nan take ba, nan ne ciwon yake. Sau da yawa a gaɓar da makanikai ke kira rotil ake samunsa. Dunƙulen ƙarfe ne a cikin ƙoƙo, da giris a ciki, da ƴar hular roba a bisa. Rana takan busar da robar har ta tsage. Rairayi ya shiga ya gauraya da giris, sai ya zama kamar dutsen niƙa, kullum yana cin ƙarfen. Hanyar burji mai kunya-kunya kuwa tana gaggauta abin. Wanda ya ɗora hannu bisa rotil da ta mutu zai ji tana ƙwas-ƙwas.

Bayan haka a ɗaga ƙafar gaba da jak, a tokare motar da gungume mai ƙarfi, don jak shi kaɗai ba abin yarda ba ne. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi motsi, direba shi taka birki, a sake girgizawa. In motsin ya ɓace, boris ne, wanda wasu ke ce ma rulma. In bai ɓace ba, gaɓar da ke riƙe da ƙafar ce ta ci. Sannan a kama taya hagu da dama. Motsi a nan ya fi nuna rotil.

Akwai kuskuren da aka saba yi. Tsohuwar Hilux da Land Cruiser suna da akwatin sitiyari, da wata kusa a bisansa ta rage sakewa. Mai gaggawa sai shi fara ɗaure ta. Amma haƙoran akwatin a tsakiya suka fi cinyewa, don nan suka fi aiki. In aka matse kusar har tsakiya ya yi daidai, sitiyari zai cije a kwana, ba zai komo da kansa ba. Wannan ya fi sakewar haɗari. Sai an tabbata gaɓoɓi lafiya suke, kuma kusoshin da suka riƙe akwatin a jikin shasi ba su saki ba, sannan a taɓa ta, kaɗan-kaɗan. Bashe ita ba ta da irin wannan akwati. Sandar ƙarfe ce mai haƙora, da roba mai lanƙwasa a kowane gefe. Robar in ta yage, a sake ta tun rairayi bai shiga ba.

Wani lokaci ma ciwon a baya yake. In kusar tsakiyar sifirin ta karye, ƙafafun baya sukan goce, mota ta riƙa tafiya a karkace. Wanda ya tsaya bayanta tana tafiya zai gani.

Rotil da ta mutu ba a gyara ta. Wasu sukan cusa mata robar tsohon tub, ko su buga ƙoƙon da guduma don ya matse. Kwana kaɗan ne. Ranar da dunƙulen ya fice daga ƙoƙo, ƙafar nan ba ta ƙara jin sitiyari, ta juya inda ta ga dama, da mutane 20 bisa kaya. Sabuwa ake sawa, a ɗaure noti, a soke ɗan ƙarfen da ke hana shi kwancewa. Daga nan a kai motar a daidaita ƙafafun gaba su dubi wuri ɗaya, in ba haka ba gefen taya zai cinye kafin kaka ta zagayo.