Daga Birnin Ƙonni zuwa Yama a kan keke: Abin da muka gani a ƙasar albasa

Duk ɗan kasuwar da ke harkar kayan gwari a Sakkwato ko Kano ya san sunan Galmi, haka ma matan da ke kasa albasa a bakin kasuwa, ko da kuwa ba su taɓa taka ƙasar Nijar ba. Amma idan ka tambayi akasarinmu mene ne a tsakanin Birnin Ƙonni da Galmi, amsar ba za ta wuce shingayen jami'an tsaro da farashin buhu ba, domin a cikin mota muke wucewa, wani lokaci ma cikin dare. Wannan ne ya sa mu uku muka ɗauki kekuna a ƙarshen hunturu, muka yi kwana biyar muna zagaya yankunan Ƙonni da Malbaza da Illela da ke jihar Tawa.

Tun da farko ya kamata mai karatu ya lura cewa Illela biyu ce. Akwai ta jihar Sakkwato da ke bakin iyaka, wadda muka bi ta cikinta, 'yan kilomitoci kaɗan tsakaninta da Ƙonni. Akwai kuma ta Nijar, can arewa cikin duwatsun Adar, wadda ita ce muka nufa daga baya. Kekunanmu irin na 'yan tireda ne masu kariya a baya, ba su da giya, kuma kowa ya ɗaure jarkar ruwa da famfo da kayan faci. A Ƙonni muka canza nairarmu zuwa sefa a wurin 'yan canji. Nan ma sai mutum ya yi hattara, domin da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, saboda haka in mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi.

Garin Ƙonni da muke gani cike da manyan motoci da 'yan kabu-kabu yana da tabon da bai warke ba. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin wasu hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, ta auka wa birnin a kan hanyarta ta zuwa tafkin Chadi, ta karkashe jama'a masu ɗimbin yawa, ta kuma cinna wa gari wuta. Makonni kaɗan kafin nan rundunar ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Su ma hafsoshin ba su wanye lafiya ba, don kuwa a watan Yulin shekarar sojojinsu suka juya musu baya suka hallaka su a wajen Maijirgi. Dattawan gari har yau suna ba da labarin kamar yadda suka ji daga kakanninsu. Abin da ya dame mu shi ne, baƙon da ya sauka a tasha zai iya yin ciniki ya koma gida bai ji ko kalma ɗaya game da wannan ba, sai fa in ya zauna ya tambaya.

Washegari da asuba muka kama hanyar gabas, wato babban titin da ya taso daga Yamai ya nufi Maraɗi da Damagaram. Nan muka gane kuskurenmu na farko. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuma gabas da arewa muka dosa, ke nan ƙirji da ƙirji muka yi da ita. Tafiyar da muka yi wa lissafin awa uku sai da ta kai mu azahar. Mun wuce Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu, muka hango hayaƙin kamfanin siminti na Malbaza da aka kafa tun shekarun 1960, sannan muka gangara Galmi, kusan kilomita 50 daga Ƙonni.

A nan keke ya biya kuɗinsa. Mai mota titi kawai yake bi, mu kuwa muka sauka daga kwalta muka shiga cikin fadama, inda muka yini tare da manoma. Ruwan da ke raya wannan yanki na kwarin Majiya ne, wanda ke malala da damina ya ratsa ta Ƙonni har ya zube a tafkin Kalmalo a Najeriya. Madatsun ruwa na Mozage da Zango su ne ke shayar da gandun noman rani na Ƙonni, wasu manoman kuma rijiya suke haƙawa su sa injin ban-ruwa, wanda a da yawanci da fetur ɗin Najeriya yake aiki. Wato a wancan lokacin idan mai ya yi tsada a Sakkwato, albasar Galmi ma sai ta ji a jikinta.

Ga abin da ya kamata masu saro albasa su riƙe. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ake babban girbi, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. Manomin da ya ci bashin taki da mai ba shi da zaɓi, a gona zai sayar. Mai hali kuwa zuba tasa yake yi a rudu, wata 'yar bukka ta kara da ciyawa da ake ɗaga ƙasanta don iska ta riƙa shiga, ya jira sai damina ta yi nisa farashi ya ninka. Sai dai ajiyar ma caca ce, don wani kaso yakan ruɓe ko ya tsiro. Albasar da aka cika wa taki, aka kuma ba ta ruwa har gab da cira, tana da girma da ɗaukar ido amma ba ta jure ajiya. Wadda wuyanta ya bushe ƙayau, ɓawonta ya yi ƙarfi, ita ce ta zama. Mata kuma ba sa barin lawashi ya tafi a banza, suna daka shi su shanya su yi gabu, wanda ba ya ruɓewa kuma yana da masu saye a kowane lokaci. Wannan albasa mai launin shuni har Ghana da Kwaddibuwa da Benin ake kai ta, kuma darajar sunanta ta kai ga wani kamfanin iri na Senegal ya nemi yi wa sunan rajista a shekarun 2000, sai da manoman Nijar suka tashi tsaye kafin ya janye.

Kusa da Galmi akwai ƙauyen Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a shekarar 1754, kafin iyayensa su koma Degel. Mu da muka taso muna ziyartar Hubbare a Sakkwato mun ji kunyar kanmu, ganin sau nawa muka wuce ta wannan hanya ba mu taɓa ratsewa ba.

Kwana na uku muka dawo Tsarnawa muka hau hanyar Tawa. Daga nan ƙasa ta canza. Tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai, lulluɓe da jan dutse da marmara, sai ka hau ka hau sannan ka gangara wani kwari mai kore. Sau da dama sauka muka yi muka tura. Ƙaya ta fasa mana taya har sau huɗu, kuma a wani gangare birkin ɗayanmu ya tsinke, Allah Ya kiyaye ya faɗa cikin yashi, ya tsira da ƙujewa a gwiwa. Wani mai faci a ƙauyen gaba ya ɗaure birkin da waya, ya kuma ƙi karɓar ko dala.

A kan waɗannan tuddai muka riƙa ganin ƙananan ramuka jere cikin gonaki, waɗanda ake kira tassa. A shekarar 1989 aka kai wasu manoman yankin Illela ziyara Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa rami a fako, a zuba taki a ciki, ruwan sama ya taru ya jiƙa shuka. Da suka dawo suka gwada, gero ya yi. Daga nan fakon da a da ko kyauta ba mai so ya zama abin saye da sayarwa, kuma 'yan kasuwa na cikin waɗanda suka saya suka sa 'yan ƙwadago suka farfaɗo da shi. Illelar kanta ita ce mazaunin Sarkin Adar, sarautar da ke danganta asalinta ga Agabba, ɗan Sarkin Agadas.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne masallacin Juma'a na Yama, wani ƙauye a ƙarƙashin Badagishiri. Da ƙasa zalla aka gina shi, ga kuwa kamfanin siminti a yankin. Wani magini ɗan garin, Falke Barmu, shi ya fara aikin a 1962, jama'a suka yi gayya, wasu na buga tubali, wasu na kawo itace, mata na ɗebo ruwa. A 1975 ya sake rufin ya yi masa bakan-gizo da tulluwa a tsakiya, sannan tsakanin 1978 da 1982 ya ɗaga hasumiya huɗu, kowace da irin fasalinta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake gasarta a duniya baki ɗaya. Da rana tsaka muka shiga, muka tarar da sanyi kamar cikin randa. Sai dai ginin ƙasa kullum yana son yaɓe, damina ɗaya ta sakaci na iya yi masa illa, matasan da za su yi gayyar kuma da yawansu suna cirani.

Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, tafiyar tana da haɗari. Mun so mu karkata yamma zuwa Alela, amma masu masaukinmu a Ƙonni suka hana mu saboda 'yan bindigar da ke kai-komo a dazukan bakin iyaka, muka kuma ji shawara. Iyakar ma ba ta da tabbas: an rufe ta a 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Saboda haka a riƙe takardun shaida, a tambayi halin hanya a kowane zango, a fara gaida mai gari kafin a ɗaga waya a ɗauki hoto, kuma kada magariba ta riski mutum a daji. Iyayenmu mata da ba za su hau keke ba, motocin haya na zuwa Galmi da Badagishiri, daga nan sai a nemi na ƙauye.

A dawowa iska ta koma bayanmu, muka iso Ƙonni tun kafin la'asar, kowa da ƙullin albasa da gabu a kariya. A bakin iyaka wani jami'i ya dubi kekunan ya dubi ƙurar da ke jikinmu, ya tambayi abin da muka saro. Da muka kwance ya gani, sai ya yi dariya ya ce mu wuce.